Shekarar da Muka Buga Sunan Saratu

Ranar yawon Sallar bara ina ɗaki ina ninke kaya, na ji Aminu a tsakar gida yana ba matarsa labarin gidanmu. Bai san taga a buɗe take ba. Ya ce mahaifinsu, Allah ya ji ƙansa, mutumin kirki ne amma akwai taurin kai, wai saboda wata 'yar mujalla ya yi shekaru ba ya shiga gidan surukinsa, ya bar Umma tana kai-komo tsakanin gida biyu. Ban fito ba ranar, amma maganar ta ƙi barina. Aminu bai yi ƙarya ba. Abin da ya gani ya faɗa, kuma abin da aka bari ku gani ke nan, ku 'ya'yana, shi da Zainab da Sadiya. To, mutanen biyu duk sun riga mu gidan gaskiya, Malam Sabo mahaifinku da Alhaji Garba mahaifina, ni kaɗai na rage da na san yadda aka yi. Shi ya sa na ware wannan babi don shekarar nan ita kaɗai.

Sunan mujallar Bakin Kasuwa. Ku da kuka tashi da waya a hannu da wuya ku gane abin da ta zame wa Kwanar Gawo. A lokacin salula ta fara shigowa ne, sai mai hali, shi ma sai ya hau tudun bayan makaranta yake samun magana. Ni da mahaifinku duk muna koyarwa a firamaren garin, yana aji shida ina aji uku. Shi ya kawo shawarar. Ya ce duk takardar da ta zo mana daga birni maganar manya take yi, babu wadda ta san cewa maƙerin bakin tasha ya ƙera garma marar nauyi da ƙananan shanu ma za su ja, ko cewa telan Unguwar Gabas ya sayo keken surfani. Ya ce tunda ba za a rubuta mu ba, mu rubuta kanmu. Muna rubutawa da hannu a gida, ya kai shagon kwamfuta a Bici a buga, sannan ya hau babur ɗinsa ya kai wa masu maɗaba'a a Kano. Duk bayan wata uku take fitowa. A ciki akwai labarin masu sana'a da hotunansu, akwai shafin sanarwa inda ake sa saukar karatu da ɗaurin aure da kokawar bayan kaka da ranar gayyar gyaran hanya, akwai kuma shafi guda da ajami saboda dattawa. Ranar da ta fito, teburin mai shayi cika yake yi, mutum ɗaya yana karantawa goma suna saurare. Wanda aka sa hotonsa kuwa, sai ya yanke shafin ya liƙa a bangon shago, har ya koɗe ba ya cirewa.

Ni nawa shafin na mata ne, mun sa masa suna Daga Madafa. Ba na sa sunana, Uwargida kawai nake rubutawa a ƙasa, kuma mutane da yawa sun ɗauka mahaifinku ne yake tambayata ya rubuta. Bangon baya kuwa na Baba ne. Yana da shagon taki da iri da maganin feshi, yana da injin matsar man gyaɗa, kuma tallarsa ita ce ginshiƙin mujallar. Ganin sunansa a kai ya sa sauran 'yan kasuwa suka biyo baya. Yana alfahari da ita ƙwarai. A aljihun babbar riga yake yawo da ita, idan ya je kasuwar Bici ya fito da ita ya ce wa abokansa, "Surukina ne yake yi."

A shekarar da nake ba ku labari, damina ta yi kyau, na yi niyyar fitowar kaka in yi rubutu a kan daddawa. Duk Kwanar Gawo daddawa ɗaya ake yabo, daddawar Gwaggo Yalwa. Ba ku san ta sosai ba. 'Yar'uwar Baba ce, iyayensu maza wa da ƙani, mijinta ya rasu tun da ƙuruciyarta, kuma da wannan sana'a ta riƙe kanta. Na je gidanta na ce ina so ta nuna min yadda take yi. Ta yi dariya ta kawo min fura, ta shiga labarin ciwon gwiwarta. Na duba tsakar gidan, babu tukunyar dafa kalwa, babu turmin da ya yi baƙi, babu ko warin da ba ya ɓuya a gidan mai daddawa. A gaskiya ban yi mamaki ba. Na sani tun ina yarinya, irin sanin da kowa ya yi amma ba a furtawa, cewa Gwaggo ba ta taɓa dafa kalwa ba. Duk Laraba da sassafe take ƙetare rafi ta je Gidan Tanko ta dawo da kwando a rufe. Mutanen Gidan Tanko manoma ne kamar mu, Hausa suke yi kamar mu, kakanninsu Maguzawa ne, yanzu yawancinsu Kirista. Mai daddawar wata mata ce a can, sunanta Saratu.

Ranar Asabar mahaifinku ya sauke ni a bakin rafi, na ƙarasa da ƙafa ta cikin dawa. Tun kafin in ga gidan hancina ya gaya min na iso. Saratu doguwa ce mai wushirya, ta girme ni da kyau, tafin hannunta ya rine da kalwa har ba ya wankuwa. Ta san ni, don na koyar da 'ya'yanta biyu. Ta shimfiɗa min tabarma a gindin ɗorawa, ta ci gaba da aikinta tana yi min bayani. Ta nuna min kalwar da ta wuni ta kwana a wuta, yadda ake surfa ta da toka a fitar da ɓawo, yadda ake wanke ta ruwa bayan ruwa har sai ta yi fes, a sake dafawa, a rufe ta da ganye a ɗaki mai ɗumi a bar ta ta yi kanta. Ta ce a nan ne mai gaggawa take ɓata tata, don kalwa ba a tashinta daga barci. Ina rubutawa tana kallon hannuna. Da na rufe littafi sai ta ce:

"Malama, a takardar taku sunan wa za ki sa?"

Na ce mata na yi niyyar in rubuta yadda ake yi ne kawai, ba tare da sunan kowa ba. Ta ci gaba da mulmula daddawa tana jerawa a faifai. Can ta ce:

"Tun ina amarya nake wannan aiki. Uwar mijina ce ta koya min, ita ma da sunan wata aka ci tata har ta mutu. Ba na jin haushin Yalwa, ta rufa min asiri na rufa mata. Amma 'yata Rahila ta ce ba za ta koya ba. Wai sana'ar da ba a san mai ita ba, wahala ce kawai da hayaƙi. Ran da na faɗi, shi ke nan, ta faɗi. Ki sa sunana, Malama, ko sau ɗaya ne, in ji yadda yake a bakin mutane."

Na ce, "Mama Saratu, kin san fa akwai waɗanda za su daina saye."

Ta ce, "Na sani sarai. Wanda ya daina, dama ba daddawa yake ci ba, suna yake ci."

Kafin in tashi ta roƙi abu na biyu. Ta ce bayan an gama girbi suna yin godiyar kaka, idan an tashi daga coci sai a baje kaya a filin gaban gari, daddawa da zuma da kaji da tabarmi, kowa ya zo ya saya. Ta ce kullum su ya su ne, su sayar wa juna su koma gida. Ko za a sa musu a shafin sanarwa kamar yadda ake sa wa kowa? Na ce mata za a sa. Ban yi shawara da kowa ba na faɗa, kuma da ina ƙetare rafi na san na ɗauko abin da ya fi kwandon Gwaggo nauyi.

Mahaifinku ya karanta rubutun sau biyu. Ya ce tun da muka fara mujallar ba a yi shafi mai kyansa ba. Ya tura mai hoto ya ɗauko Saratu zaune a gaban faifanta. Ni kuma na koma wajen Gwaggo na gaya mata komai, don ba na so ta ji a bakin wani. Na ce zan rubuta cewa a cikin gari ana samun daddawar Saratu a wajenta, cinikinta ba zai taɓu ba. Ta dube ni kamar ba ta taɓa ganina ba.

"Uwani, ni na yi miki wankan jego. Kada ki kuskura ki sa sunana kusa da nata."

Na ɗauka fushin kwana ɗaya ne zai huce. A nan ban auna daidai ba.

Al'adarmu ce kafin a kai Kano, mahaifinku ya kai wa Baba shafukan ya duba tallarsa. Ranar bayan la'asar muka je tare. Su suna zaure, ni ina ciki wajen Inna muna gyaran zogale, amma ƙofa ɗaya ce tsakaninmu, duk abin da aka faɗa a kunnena. Na ji Baba yana juya takardu yana 'yar dariyarsa, sai dariyar ta ɗauke. Can na ji ya ce:

"Malam Sabo, wannan shafin a cire shi. Da wannan sanarwar."

"Alhaji, akwai abin da ba daidai ba a ciki?"

"Duk daidai ne. Shi ya sa za a cire. Kana tsammanin ban san inda daddawar gidana take fitowa ba? Ubana ya sani, liman ya sani, mai gari ya sani. Mu da mutanen Gidan Tanko ba mu taɓa ɗaga wa juna murya ba. Rafi ɗaya shanunmu suke sha, idan gobara ta tashi a can mu muke fara isa. Abin da ya zaunar da mu lafiya shi ne kowa ya san inda zai yi shiru. Ka buga wannan, gobe wani yaro da ya leƙa birni ya dawo zai miƙe ya ce mun daɗe muna cin abin da bai halatta ba, ka ja wa matar nan abin da ba ta nema ba. Yalwa kuma me za ta ci? Ka tanadar mata wata sana'ar ne? Sannan ka sa taron coci a ciki, sunana a baya. Ni ne ma'ajin masallaci, Malam. Ka tuna da wannan kuwa?"

Mahaifinku ya ce zai duba. Inna ta dube ni, na sunkuyar da kai ina tsinkar zogale. Ita ta san rubutun waye, don ta san hannuna a magana, amma ba ta tona ni ba.

Ku lura da wannan da kyau, don shi ne dalilin babin. Da muka koma gida, mahaifinku ne ya ce a cire. Ya zauna a bakin gado ya cire hula ya ce, "Uwani, Alhaji bai faɗi ƙarya ba ko ɗaya. Mu sa girkin wani abu daban, wannan mu bar shi sai wani lokaci." Ni ce na ƙi. Na yi kwanaki ina juya maganar Baba, kuma ko yau ba zan ce maganar banza ba ce. Amma akwai abin da ya tsaya min. Mun sa wa mujallar suna Bakin Kasuwa, mun ce ta duk mai neman halaliyarsa ce a yankinmu. Mutanen Gidan Tanko suna sayenta, 'ya'yansu da ita suke koyon karatu, amma tun da muka fara ko mutum ɗaya daga cikinsu bai taɓa fitowa a ciki ba, kuma ban taɓa lura ba sai da Saratu ta tambaye ni. Mun sa sunan jaririn da bai yi kwana takwas a duniya ba, mun sa sunan ragon da ya ci gasar kiwo. Ga mace da gari guda yake cin hannunta tun kafin a haife ku. Na ce wa mahaifinku:

"Malam, kullum ina tsaye a gaban aji ina ce wa yara kowa ya rubuta sunansa a saman aikinsa. Rabin layin baya 'yan Gidan Tanko ne. Idan aka cire shafin nan ba zan hana ka ba, mujallarka ce. Amma ni na ajiye alƙalami, don na yi wa matar nan alkawari."

Ya daɗe yana kallona. Ku kun san shi da shiru, amma ba ku san cewa shirunsa yawanci lissafin abin da zai iya ɗauka yake yi ba. Ya ce:

"To, za ta fito. Amma da sharaɗi. Duk wanda ya tambaya, ni na rubuta, ni na yanke. Har Alhaji."

Na ce ban yarda ba, ni ba na ɓuya a bayan kowa.

"Ba ɓuya ba ne. Suruki idan an yi gaba da shi, yana da gidansa, yana da masallacinsa, zai rayu. 'Ya kuwa idan uba ya juya mata baya, ina za ta? Yaran nan kuma suna buƙatar kakansu. Ki bar shi a kaina."

Haka aka yi. Mujallar ta fito ana tsakiyar yankan dawa, da hoton Saratu a shafi na biyar da sunanta a ƙasa da manyan baƙaƙe, da sanarwar godiyar kaka tsakanin wata walima da wasan ƙwallo. Tallar Baba tana bangon baya, don an riga an haɗa. Washegari bayan sallar azahar ya tare mahaifinku a ƙofar masallaci, a gaban mutane, bai ɗaga murya ba. Ya ce daga yau tallarsa ta fita daga takardar, ƙafar Malam Sabo kuma ta fita daga gidansa. 'Yarsa da jikokinsa ƙofa a buɗe take. Mahaifinku ya durƙusa ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, Alhaji," ya sa takalminsa ya dawo gida. Bai gaya min ba, a bakin maƙwabciya na ji.

Abin da Baba ya hango, wani ya faru wani bai faru ba. An yi surutu. Wasu gidaje sun zubar da daddawar da ke cikin tukunyarsu, kamar ba ita suka ci jiya ba. Wasu samari sun je wajen liman da mujallar a hannu, ya saurare su har suka gama, ya tambaye su da me ake yin daddawa. Suka ce kalwa da ruwa da wuta. Ya ce to su nuna masa wanne ne haram a cikin ukun, suka watse. Maganar ba ta wuce nan ba, alhamdu lillahi, ba a taɓa kowa ba. Amma 'yan kasuwar da suka shigo saboda Baba sun fita saboda shi, ɗaya bayan ɗaya, kowa da uzurinsa. Fitowa ta gaba bangon ba launi, shafukan sun ragu. Kafin damina ta zagayo mahaifinku ya sayar da babur. Aminu, na san kana tuna lokacin da ya koma hawan keke, ka tambaye shi dalili ya ce likita ne ya ce ya motsa jiki. Ba likita ba ne. Da keken yake kai mujallar ƙauyuka, Bici kuwa ya bi motar kasuwa.

Ranar godiyar kaka na je. Daga Kwanar Gawo ba mu fi a ƙirga mu da yatsun hannu ba: ni, da mai shayin bakin tasha da ya ɗauko tukunyarsa ya ce shi kasuwa ya zo ci, da wasu mata biyu da suka ja mayafi har hanci. Sai ga wata mota daga Bici da malamai mata na kwaleji, ɗaya ta riƙo mujallar a buɗe tana tambayar wace ce Saratu. Ina tsaye na ga an nuna ta. Ta miƙe tana goge hannu a zane, aka kira sunanta da ƙarfi a tsakiyar fili, ta amsa, sai ta rasa abin da za ta yi da fuskarta, ta juya baya kamar tana gyara faifai. Kafin la'asar kwandunanta sun ƙare. Ta yi asarar gidaje da yawa a garinmu, wasu ba su dawo ba har yau, amma masu tuwon sayarwa na Bici suka riƙe ta, daga baya har daga Kano ake aike. Rahila ta koya. Daddawar da nake aika muku a leda, da sunanta a jiki, ta Rahila ce.

Gwaggo Yalwa ce ta biya abin da ban yi mata lissafinsa ba. Waɗanda suka ci gaba da saye sun gane hanya, suna aika 'ya'yansu Gidan Tanko kai tsaye. Waɗanda suka daina kuma ita suka ɗora wa laifi, wai ta yaudare su. Saratu da kanta ta ƙetaro rafi ta same ta, ta ce ta ci gaba da ɗauka a kan tsohon farashi, Gwaggo ta ce ta gode, ba ta sake zuwa ba. Ba cinikin ne ya fi ci mata rai ba. An daɗe ana ce mata mai daddawa, da wannan sunan ake girmama ta a gidan biki, rana ɗaya na cire mata shi. Na je gaishe ta sau da yawa, takan amsa sallama ta juya fuska bango. Daga baya ɗanta ya zo ya tafi da ita Rijiyar Zaki a Kano inda yake gadi, a can ta rasu, a ɗakin haya, nesa da sauran danginta. Na ba wata mace sunanta, na karɓe na wata. Idan kun tambaye ni ko zan sake, zan ce zan sake, amma ba na faɗin haka da sauƙin da na faɗa a lokacin.

Baba ya hana a shiga da daddawar nan gidansa. Inna ta koma miya da dunƙulen kanti. Aka yi watanni haka, sai wata rana ya ture kwano ya ce wannan miyar ba ta da uwa. Inna ta aiko a ɓoye, na saya mata, ta zuba. Ya cinye tas bai tambaya ba, ita ma ba ta faɗa ba. Amma maganar mahaifinku bai sassauta ba. Shekara ta bi shekara. Ran Sallah mahaifinku ya raka mu har kan kwana, ya gyara wa Sadiya ɗankwali, ya ce ku gaishe da Alhaji, ya juya. Ranar ɗaurin auren ƙanena a gindin dalbejiyar bakin titi ya zauna, aka yi fatiha ya shafa daga nesa. Idan sun haɗu a masallaci yakan durƙusa ya gaishe shi, Baba ya amsa da kalma ɗaya yana kallon gabas. Sau da yawa na ce zan je in faɗi gaskiya, mahaifinku ya ce alkawari alkawari ne. Ko sau ɗaya bai taɓa yi min gori ba, ko ranar da muka yi faɗa a kan wani abu daban, lokacin da baki yake neman abin jifa. Mujallar ta ci gaba a ramammiyarta har waya ta cika gari, kowa ya koma tallar kansa da kansa, sannan muka rufe ta.

Da ciwon Baba na ƙarshe ya kwantar da shi, ni nake wuni a wajensa. Wata safiya ina ba shi kunu, daga ni sai shi, na ga yadda wuyan hannunsa ya koma, na san idan ban faɗa yau ba ba zan samu wata ranar ba. Na ajiye kofin na ce:

"Baba, shafin nan na daddawa, ba Malam ne ya rubuta ba. Ni ce. Shi cewa ya yi a cire, ni na ƙi."

Ya rufe ido. Na ɗauka barci ya ɗauke shi, sai na ga bakinsa yana motsi kamar mai son dariya.

"Na sani, Uwani. Tun a zaure na sani. Yaushe Sabo ya san kalwa ba a tashinta daga barci? Maganar mata ce wannan."

Na ce, "To Baba, duk shekarun nan?"

"Da wa kike so in yi fushi? Da ke?" Ya yi numfashi ya huta. "Na yi magana a gaban mutane, ban san ta inda zan janye ba. Shi kuma ya miƙo wuya ya ɗauka, bai taɓa saukewa ba balle in samu hanya. Yana ina?"

Na ce yana makaranta.

"A kira shi."

Mahaifinku ya zo da alli a hannun rigarsa. Ya tsaya a ƙofar zaure ya yi sallama sau uku, kamar baƙo, sai da Inna ta fita da kanta ta ce ya shigo. Ya durƙusa a bakin gado ya gaishe shi. Na zaci za a yi dogon bayani, a nemi gafara, a yi kuka. Baba ya dube shi ya daɗe, ya ga furfurar da ba da ita ya san shi ba, sannan ya ce:

"Malam, matashin nan ya zame. Gyara min."

Ya tallafo kansa da hannu ɗaya ya gyara. Baba ya riƙe hannun bai saki ba. Daga ranar mahaifinku ne yake juya shi, yake yi masa alwala, yake yanke masa farce, har ranar da ya cika. Baba ya yi wasiyya mahaifinku ne zai yi masa wanka, aka tsallake 'ya'yan cikinsa maza, kuma babu wanda ya ce don me.

Mahaifinku bai taɓa sanin na karya alkawarin ba. Har ya rasu yana ganin ya rufa min asiri a wajen ubana, ni kuma na bar shi a haka, don na ga yana jin daɗin ɗaukar kayan. Ku sa shi a addu'a, ku sa kakanku, ku sa Gwaggo Yalwa.